Wasu na ta gwada shiga sabar shagonmu dare da rana, ya zan toshe su?

Abban_Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci jiya wallahi.

Ni nake kula da lissafin shagon kawuna, atamfa da shadda muke sayarwa a sari, shago biyu da sito ɗaya. Bara wani yaro ya haɗa mana manhajar da muke shigar da kaya da bashin 'yan sari, ya ɗora ta a kan wata saba, wato kwamfutar da ke kunne a intanet dare da rana, da muke biyan haya duk wata, tsarin Ubuntu ne a kai. Ya ba ni lambar IP, wato adireshin sabar a intanet, da sunan root, babban asusun da ke da iko da komai, da kalmar sirri, ya ce in abu ya tsaya in shiga ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, in sake tada ta. Toh yaron yanzu ya tafi bautar ƙasa, samunsa a waya sai an sha wuya.

Jiya manhajar ta yi nauyi sai na shiga in duba, garin dube-dube na buɗe wani fayil /var/log/auth.log, abin da na gani ya tada min hankali. Layi ne bayan layi ba iyaka, Failed password for root, Invalid user admin, Invalid user oracle, test, pi, ubuntu, sunayen da ban taɓa buɗewa ba ma, wani lokacin a minti ɗaya sau goma ko fiye, har ƙarfe uku na dare ana yi. Na ɗauki lambobin IP guda biyar na bincika, ɗaya Sin, ɗaya Rasha, ɗaya Brazil, biyu Amurka. Ni ban san kowa a can ba, mu da muke sayar da zani me muka tare musu? Har na fara zargin ko wani abokin gasa ne a kasuwa ya ɗauko mana su.

Gaskiyar da zan faɗa kuma, kalmar sirrin ni na canza ta da kaina don in riƙa tunawa, sunan 'yata ne da shekarar da aka haife ta sai na ƙara alamar @ a ƙarshe, kuma ita ce dai a imel ɗina da Facebook. Sannan akwai kwamfutar ofis da kawu yake shiga daga nesa in ya yi tafiya saro kaya, ita ma wani ne ya saita masa.

Tambayata uku ce. Sun shiga ko ba su shiga ba, ya zan gane? Ya zan hana su? Sannan wace irin kalmar sirri ce mai ƙarfi wadda mutum zai iya riƙewa a ka, don ni waɗannan masu kama da rubutun aljanu ba na iya haddace su. Na gode, Allah ya saka da alheri.


Injiniya_Sabongari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kwantar da hankalinka tukuna, ba wanda ya turo maka kowa, kada ka ɗauki alhakin maƙwabcinka a kasuwa. Abin da ka gani duk wanda ya taɓa kunna saba a intanet ya gan shi, wani lokacin ko awa ɗaya ba a yi da kunnawa sun fara. Ba mutane ba ne zaune suna bugawa, manhajoji ne aka saki suna bin lambobin IP ɗaya bayan ɗaya. Duka lambobin IPv4 na duniya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da wata manhaja ZMap da ke zagaye su kaf cikin kamar minti 45 daga kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi. Kamar ɓarawon da ke bin layin shaguna da daddare yana jijjiga kowane kwaɗo ne, bai san mai shagon ba, wanda ya buɗe kawai yake nema. Su ma waɗancan IP na Sin da Brazil ɗin yawanci na'urorin bayin Allah ne da aka riga aka fasa ake aiki da su, masu su ba su ma sani ba.

Amma fa kada wannan ya sa ka saki jiki, don kwaɗonka ba shi da ƙwari.

Fara da duba ko an shiga. Buga wannan:

grep Accepted /var/log/auth.log

sannan ka buga last. Za su nuna maka shigar da ta yi nasara da IP da lokaci. In duk ka gane su, naka ne ko na yaron, alhamdulillahi. Ka buga top ka ga ko akwai wani abu mai baƙon suna da ya cinye ƙarfin injin, don galibi in sun shiga manhajar haƙar kuɗin kirifto suke dasawa, shi ya sa nauyin da ka ce manhajar ta yi ya ɗan tsaya min a rai. Ka duba crontab -l, jerin ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, da kuma fayil ɗin /root/.ssh/authorized_keys ko akwai makullin da ba ka sani ba. In ka tarar an shiga da root, kada ka tsaya share-share, wanda ya samu root yana iya goge sawunsa ya bar wata ƙofar a ɓoye. Kwashe bayananku, a buɗe sabuwar saba a sake ɗorawa.

In ba a shiga ba, ainihin maganin shi ne ka daina shiga da kalmar sirri kwata-kwata, ka koma makulli. A kwamfutarka, ko Windows 10 ce tana da ssh a cikin PowerShell, ka buga ssh-keygen -t ed25519, zai haifar da fayil biyu. Mai .pub a ƙarshe shi ne kamar kwaɗo, shi ake kaiwa saba a liƙa a cikin authorized_keys, ko duniya ta gan shi ba komai. Ɗayan shi ne makullin, ba ya barin kwamfutarka har abada, ba a tura shi ta WhatsApp ba a ba kowa. Zai tambaye ka kalmar da za ka kulle makullin da ita, ka sa, saboda ranar da aka sace laftof. Wannan makullin ba a cankarsa, ko shekara nawa za su yi suna gwaji.

Ka buɗe wani asusu na kanka ka ba shi ikon sudo, wato ikon yin aikin root, ka sa masa makullin, ka gwada ka ga ya shiga. Sai ka buɗe /etc/ssh/sshd_config ka gyara layi biyu:

PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no

Nan ga wani tarko da ya kama mutane da yawa har da ni. A Ubuntu na sabobin haya sau da yawa akwai wani ƙaramin fayil a cikin /etc/ssh/sshd_config.d/ mai suna 50-cloud-init.conf da ke cewa PasswordAuthentication yes, kuma shi ake fara karantawa, don haka nasa ne ke aiki, kai kana can kana ganin ka rufe alhali ƙofa a buɗe take. Ka gyara shi ma, sannan ka buga sudo sshd -T | grep -i passwordauth ka gani da idonka ya ce no.

Sai ka sake tada ssh don gyaran ya fara aiki. Abu mafi muhimmanci, KADA ka rufe tagar da kake ciki bayan ka sake tada ssh. Bar ta a buɗe, ka buɗe wata sabuwa ka gwada shiga. In sabuwar ta ƙi, kana da tsohuwar da za ka gyara. Na taɓa kulle kaina a waje da sabar wani asibiti ƙarfe ɗaya na dare saboda wannan gangancin, sai da na bi ta shafin kamfanin hayar na samu shiga, hannuna har rawa yake don da safe za a fara karɓar marasa lafiya.

Bayan nan ka sa fail2ban, shi yana karanta wannan fayil ɗin da ka gani, duk IP da ya yi kuskure sau kaɗan sai ya toshe shi na wani lokaci. Wasu za su ce ka canza ƙofar SSH daga 22 zuwa wata lamba, ba laifi yana rage hayaniya, amma ba tsaro ba ne, mai nema zai samo ta. Sannan ka riƙa sabunta injin, apt update da apt upgrade, ko ka kunna unattended-upgrades ya riƙa yi da kansa.


Malama_Rabi_ICT ta rubuta:

Injiniya ya gama da ɓangaren saba, ni bari in taɓa maganar kalmar sirri don ita nake fama da ɗalibaina a kai kullum.

Ƙanina, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don kishinka ne. Ka dubi sunan da kake amfani da shi a nan. Ka ce mana kalmar sunan 'yarka ce da shekarar haihuwarta da @ a ƙarshe, sunanka kuma Abban_Hanifa. Ka riga ka ba duk mai karatu kalmar, abin da ya rage cankar shekara, wadda ba za ta wuce gwaji ashirin ba. Don girman Allah ka ajiye karatun nan ka je ka canza ta imel ɗinka YANZU, sannan ka dawo. Imel ɗin nake cewa a fara da shi saboda duk wanda ya riƙe shi zai danna an manta kalmar sirri a shafin kamfanin da kuke hayar saba, a turo masa, shi ke nan duk makullan da Injiniya ya koya maka sun tashi a banza.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan dukkanmu haka muke yi. Sunan ɗa, sunan mata, lambar waya, sunan gari da 123, bismillah, sunan kulob ɗin ƙwallo. Lissafa ka gani. Ranar haihuwa cikakkiya da wata da shekara, in ka ɗauki shekara ɗari cur, kwana 36,500 ne kawai da 'yan kai. Lambar waya tamu 11 ce tana da tsawo a ido, amma huɗun farko sanannu ne irin su 0803, saura bakwai, wato miliyan 10 a kowane kan layi, wannan ga kwamfuta abin ƙiftawar ido ne, ballantana lambar taka tana rubuce a jikin allon shago da rasit.

Su masu kutsen ba daga aaaa suke farawa ba, jerin kalmomin da mutane suka taɓa amfani da su suke da shi. A 2009 an fasa wani kamfani RockYou aka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32 a fili ba a ɓoye su ba, wadda ta fi yawa a ciki 123456 ce, kuma har yau wannan jerin ake fara lodawa in za a fasa abu. Suna da ƙa'idoji kuma da ke gwada babban baƙi a farko, shekara a ƙarshe, a ta koma @, o ta koma 0, don haka dabarar nan ta P@ssw0rd sun san ta tun kafin mu.

Maimaita kalma ɗaya a ko'ina ya ma fi rauninta illa. An fasa LinkedIn a 2012, a 2016 aka fito da bayanan asusu sama da miliyan 100 ana sayarwa, a wannan shekarar aka shiga Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg mai Facebook, rahotanni suka ce kalmarsa dadada ce kuma daga wancan kwashen aka samo ta. Kana iya zuwa shafin Have I Been Pwned da wani ɗan Ostireliya Troy Hunt ya buɗe a 2013, ka sa adireshin imel ɗinka, zai gaya maka ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa. Ranar da na sa ɗalibai suka gwada a aji, shiru ajin ya yi.

Toh wace ce mai ƙarfi? Tsawo da rashin ma'ana. Ka ce ba ka iya haddace mai kama da rubutun aljanu, ba sai ka haddace ba. Hukumar NIST ta Amurka da ke tsara ƙa'idojin irin wannan, a 2017 ta janye shawarar nan ta tilasta cusa alamomi da canza kalma duk bayan wata uku, don an ga abin da yake haifarwa shi ne mutum ya sa Kano2023 baɗi ya mai da ita Kano2024. Shi kansa Bill Burr da ya rubuta tsohuwar ƙa'idar a 2003 ya fito ya ce ya yi nadamar yawancinta. Yanzu shawarar ita ce a tsawaita, kuma a canza in an ga alamar ta fita.

Abin da nake koya wa yara, kalmomi shida da ba su da dangantaka da juna, kamar a ce guga alkama jirgi Talata tsintsiya rairayi, amma kada wani ya ɗauki wannan tunda na rubuta ta a nan. Sharaɗin shi ne ba kai za ka zaɓa da kanka ba, don zuciya abin da ta saba take kawowa. Akwai tsari Diceware tun 1995, jerin kalmomi 7,776 ne, ka jefa dayis irin na ludo sau biyar ya ba ka kalma ɗaya. Shida daga ciki adadin haɗuwarsu lamba ce mai sifili sama da ashirin a bayanta. Mu da Hausa kana iya ɗaukar ƙamus ka bar dayis ya zaɓar maka shafi da layi. Sai ka ƙulla musu ɗan labari a ranka, kwana biyu ka haddace. Kada dai ka sa karin magana ko aya ko baitin waƙa, duk abin da aka taɓa rubutawa a jere yana iya shiga jerinsu.

Wani abu kuma da na koya da wahala, ka guji ƙ da ɗ da ɓ a kalmar sirri. A wayarka suna nan, amma ranar da ka zauna gaban wata kwamfutar ko allon gaggawa na kamfanin saba za ka neme su ka rasa.

Irin wannan doguwar guda biyu kawai kake buƙata a ka, ta imel da ta ma'ajiyar kalmomin sirri irin su Bitwarden ko KeePassXC. Sauran duk ma'ajiyar ce za ta ƙirƙiro ta riƙe maka, kowane shafi da tasa daban.


Dan_Damagaram ya rubuta:

Malama na yarda da ke a komai sai dai maganar ma'ajiya ina da ja kaɗan. Ai LastPass ma ma'ajiya ce kuma an kwashe rumbunan mutane a 2022. Sannan mu duba wa muke ba shawara, shi Abban Hanifa zai iya, amma kawunsa fa? Dattijon da ke fama da lissafin dila-dila ba zai zauna koyon wata manhaja ba, ƙarshenta ya ce a mayar masa da 1234 ɗinsa. Ni abin da na yi wa babana, na rubuta masa a ƙaramin littafi yana ajiyewa a inda yake ajiye takardun gida, ɗan Rasha ba zai miƙo hannu ta waya ya buɗe durowa ba. Abin da ba a so shi ne a liƙa a jikin allon kwamfuta ko ƙarƙashin kibod inda duk yaron shago da mai kawo shayi za su gani.

Kuma kowa ya tafi kan saba an manta da kwamfutar ofis da kawu ke shiga daga nesa, ni ita ta fi ba ni tsoro. Ɗan uwa ka bincika da me yake shiga. In Remote Desktop ne na Windows aka buɗe masa ƙofa 3389 a rauta, ka rufe yau, wannan ƙofar tana cikin manyan hanyoyin da masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ke bi. A 2019 an samu wani rami a cikinta da ake kira BlueKeep wanda ko kalmar sirri ba a buƙata, muninsa ya sa Microsoft ta fitar da gyara har wa Windows XP da ta daina kula da ita tun 2014. In dole sai ya shiga, a sa masa VPN, wato keɓantacciyar hanya mai kulle, irin WireGuard ko Tailscale, sai ya fara shiga nan kafin ya ga kwamfutar. In kuma AnyDesk ne ko TeamViewer, duba kalmar da aka sa ta shiga ba tare da izini ba, da wa da wa suka san ta.

Haka kyamarorin tsaro in kuna da su. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai a 2016 da kalmomin da aka sayo na'ura da su wajen 60 kacal, irin admin admin da root 12345, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka a watan Oktoba na shekarar.


Abban_Hanifa ya rubuta:

Innalillahi, Malama wallahi ban lura da sunan ba sai da kika faɗa, jikina har sanyi ya yi. Na canza ta imel da Facebook nan take, Allah ya biya ki.

Injiniya na bi abin da ka ce. Accepted duk IP ɗina ne sai guda ɗaya na wata uku da suka wuce, na samu yaron a waya ya ce shi ne. Nauyin kuma ashe faifan ajiyar sabar ne ya kusa cika. Makulli ya yi aiki, kuma wancan fayil na cloud-init yana nan kamar yadda ka faɗa da yes a ciki, da ban duba ba da na tafi na bar shi.

Dan_Damagaram ka yi gaskiya, AnyDesk ne, kuma da na tambaya ashe kalmar mutum biyar suka san ta, har da wani akawu da ya bar aiki tun kafin azumi, ba a rabu da daɗi ba ma. Ban san ya zan gaya wa kawu ba don ba ya son a nuna kamar ana zargin mutanensa. Sannan imel ɗin yana ce min in kunna tabbaci mataki biyu ta saƙon tes, in kunna ko akwai wanda ya fi?


Injiniya_Sabongari ya rubuta:

Alhamdulillahi da ba a shiga ba. Maganar akawun nan kada ka kwana da ita. Ba zargin kowa ba ne, ka ce wa kawu ai ko makullin sito in mai riƙe da shi ya bar aiki ana karɓa ko a canza kwaɗo, ba don an ce shi ɓarawo ba ne, wannan zai gane shi sarai don dokar kasuwa ce. Wataƙila ma shi akawun ba ruwansa, amma kalmar tana cikin wayarsa ko wani saƙo da aka tura masa, wayar ta ɓace ko a sayar da ita.

Ka ba shi labarin Colonial Pipeline. Kamfani ne mai bututun mai daga Texas har zuwa wajen New York, kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha ta nan yake bi. A 2021 aka shiga musu ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirrinsa ta riga ta fita a wani kwashen, kuma ba mataki na biyu a kai. Suka tsayar da bututun kwanaki, aka yi ta layin mai a gidajen mai, suka biya fansar dala miliyan 4.4. Shugaban kamfanin ya gaya wa majalisar dattawa cewa kalmar mai sarƙaƙiya ce ba irin ta wasa ba, amma tunda ta fita ƙarfinta bai hana komai ba. A 2024 aka sake irin haka da Change Healthcare, ƙofar shiga daga nesa ba mataki na biyu, shugaban uwar kamfanin ya amsa a gaban majalisa cewa sun biya dala miliyan 22. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar sau da yawa tsohon asusu ne da aka manta da shi.

Don haka kowa a ba shi nasa asusun da tasa kalmar a manhajar shagon, in ya tafi a rufe nasa kawai, kuma in an taɓa lissafi a san wa ya taɓa. Har yaron da ya haɗa muku, in zai yi gyara ya turo maka nasa fayil mai .pub ka sa masa, in ya gama ka cire.

Mataki biyu kuwa ka kunna, ko na tes ɗin ne ya fi babu nesa ba kusa ba. Rauninsa shi ne layin waya ana iya yi masa welkam bak da sunanka ko a sace wayar a cire sim a sa a wata, lambar ta riƙa zuwa musu, ga kuma ranar da sabis ya ɗauke kana jiran tes bai zo ba. Wanda ya fi shi ne manhaja irin Google Authenticator ko Aegis, tana fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar data ko sabis, sai dai agogon wayar ya zama daidai. Ka sa a imel, ka sa a shafin kamfanin saba, ka sa a AnyDesk ɗin ma yana da shi. Lokacin kunnawa za su ba ka lambobin ko-ta-kwana, ka rubuta su a takarda ka ajiye a gida, kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar da za ta iya ɓata. Sim ɗinka ma ka sa masa PIN. Kuma wannan lamba shidan ba a karanta wa kowa a waya, ko ya ce daga banki yake ko daga kamfanin.


Malama_Rabi_ICT ta rubuta:

Dan_Damagaram ban ƙi littafin ba ga dattawa, mahaifiyata ma haka na yi mata. Na LastPass kuwa, rumbunan da aka kwashe a kulle suke, waɗanda babbar kalmarsu gajera ce su suka fi shiga haɗari, shi ya sa na ce ta ma'ajiyar ta zama kalmomi shida. Wanda bai yarda ya ajiye a intanet ba ya ɗauki KeePassXC, fayil ne a kwamfutarsa, sai dai ya riƙa kwafarsa a filashi.

Abban Hanifa abu ɗaya ya rage ban ji ka ambata ba, bayanan bashin 'yan sarin nan akwai kwafinsu a wani wuri da ba sabar ba? In babu ka yi yau, kuma ka gwada dawo da shi sau ɗaya ka tabbatar yana buɗewa.


Abban_Hanifa ya rubuta:

Babu Malama, sai littafin da kawu ke rubutawa da hannu wanda ya tsaya tun watan jiya. Na yi magana da shi bayan la'asar da misalin makullin sito, ya ce in canza duka in kawo masa a rubuce ya sa a aljihun babbar riga, na ce a'a sai dai durowar gida, ya yarda. Na cire AnyDesk ɗin gaba ɗaya zuwa a sa masa Tailscale kafin tafiyarsa ta gaba. Yanzu na sake duba auth.log, har yanzu suna zuwa amma ba Failed password kuma, sai Connection closed kawai, fail2ban ya toshe guda goma sha ɗaya tun azahar. Injiniya don Allah ya ake kwafe ma'ajiyar bayanan, yaron ya ce MySQL ce, in ajiye a kwamfutata duk dare?